Yadda A Ke Ɗaura Sababbin Lasifikoki A Akwatin Jita

 A filinmu na kimiyya na yau za mu yi magana bisa wani aiki wanda a ido ya ke kamar ƙarami, watau ɗaura sabuwar lasifika a cikin akwatin da makaɗan jita su ke amfani da shi. Wanda bai sani ba zai ce ai ba wani abu ba ne, kusoshi huɗu ne da waya biyu. To, haka ne, amma a cikin kusoshin nan huɗu da wayoyin nan biyu akwai ilmin iska, da na maganaɗisu, da na lantarki. In aka yi kuskure ɗaya, ko dai murya ta shaƙe, ko sabuwar lasifika ta lalace, ko kuwa amfilifaya ta ƙone, watau na'urar nan mai ƙara wa sautin jita ƙarfi. Wanda da kiɗa ya ke ci da iyalinsa ya san girman wannan hasara, balle in ta auku ana gobe biki.

Za mu ɗauki misalinmu daga Suwaidi, wata babbar unguwa a kudu maso yammacin Riyad, babban birnin Saudiyya, ƙasar da Hausawa su ka daɗe da zama a cikinta. A shekarar 2016 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar kula da nishaɗi, a 2019 aka fara bikin shekara-shekara da a ke kira Kakar Riyad, a 2020 kuma aka kafa hukumar kiɗa. A watan Oktoba na 2024 aka buɗe wani biki na al'adun baƙi mazauna ƙasar a lambun shaƙatawa na Suwaidi, inda mutanen Indiya, da Pakistan, da Filifin, da Sudan, da Masar, da waɗansu ƙasashe su ka yi ta nuna kiɗansu da raye-rayensu a fili. Kiɗa a fili kuwa sai da lasifika. Dalili na biyu da ya sa mu ka zaɓi wannan wuri shi ne yanayinsa. Riyad gari ne mai zafi, da bushewar iska, da ƙura, kamar yadda Kano da Maraɗi da Agadas su ke a lokacin hunturu da bazara. Saboda haka abin da ya shafi akwatin makaɗi a Suwaidi ya shafi na makaɗan jita na Agadas, garin da Bombino ya taso, ya kuma shafi na ƙungiyar Tal National ta Yamai.

Mece ce lasifika?

Kafin mutum ya ɗaura abu, ya kamata ya san abin da ke hannunsa. A shekarar 1820 wani masani na ƙasar Danmark, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in wutar lantarki na gudana cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita ta kan karkata. Ma'anar wannan ita ce, waya mai ɗauke da wuta ta kan zama kamar maganaɗisu. Bisa wannan tushe ne Peter Jensen da Edwin Pridham su ka yi lasifikarsu a Kalifoniya a 1915. Sa'an nan a 1925 Chester Rice da Edward Kellogg, ma'aikatan kamfanin General Electric na Amurka, su ka bayyana irin lasifikar da duniya ke amfani da ita har yau.

Sassanta huɗu ne. Na farko shi ne maganaɗisu, wanda waɗansu ke kira mayen ƙarfe, yana can baya, shi ne mai nauyi. Na biyu shi ne naɗin siririyar wayar tagulla, wanda ke rataye cikin wani ɗan tsukin rami a tsakiyar maganaɗisun. Na uku shi ne faifan takarda mai siffar mazurari, wanda aka manne da naɗin wayar. Na huɗu shi ne kwandon ƙarfe da ke riƙe da su duka. In makaɗi ya taɓa tsirkiya, amfilifaya ta kan aiko da wuta mai kai da komowa cikin naɗin. Naɗin sai ya riƙa matsawa gaba da baya, yana jan faifan tare da shi, faifan kuma yana tura iska. Wannan motsin iska shi ne kunnenmu ke ji.

Ku riƙe abu ɗaya a nan, domin za mu komo kansa. Tazarar da ke tsakanin naɗin wayar da bangon raminsa ba ta kai milimita ɗaya ba. Naɗin yana kai da komowa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya a wannan ɗan wuri, ba tare da ya taɓa gefe ba. Abin da ke tsare wannan daidaito shi ne kwandon ƙarfen. In kwando ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, naɗin zai fara gogar bango.

Amfanin akwati

Ko kun taɓa tambayar kanku dalilin da ya sa a ke sa lasifika cikin akwati? Ku haɗa lasifika tsirara da rediyo, ku riƙe ta a hannu. Za ku ji muryarta siririya, ba kauri. Ku sa ta a bakin akwati, nan da nan sai murya ta cika.

Ga dalili. Sa'ad da faifai ya matsa gaba, yana danne iskar da ke gabansa, a daidai wannan lokaci kuma yana barin gurbi a bayansa. Iska ba ta son wahala. Maimakon ta tafi kunnen mai sauraro, sai ta zagaya gefen lasifikar ta cike gurbin da ke baya, aikin faifai ya tashi a banza. Wannan ya fi aukuwa ga sauti mai kauri. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 82 cikin daƙiƙa. Sauti kuwa yana tafiyar mita 343 cikin daƙiƙa in zafin iska ya kai digiri 20. In ku ka raba 343 da 82, za ku ga tsawon igiyar wannan sauti ya haura mita 4. Faɗin lasifikar kuwa inci 12 ne, watau kamar santimita 30. Ashe ke nan iska tana da isasshen lokacin da za ta zagaya tun faifai bai juyo ba.

Maganin wannan shi ne a gina katanga tsakanin gaba da baya. Katangar ita ce allon katakon da a ke huda a ɗaura lasifika a jikinsa, sauran akwatin kuma ƙari ne ga katangar. Makaɗanmu na gargajiya sun san wani abu mai kama da wannan tun da daɗewa. Tsirkiyar goge ko ta garaya ba ta da wata murya sai an ɗaura ta bisa ƙwarya da fata. Ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, duk da ƙanƙantarsa, yana da ɗan ƙoƙonsa da fatarsa.

Akwatunan jita iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, kamar Bassman na kamfanin Fender na Amurka, wanda a tsakiyar shekarun 1950 aka fara yinsa da lasifikoki huɗu masu inci 10. Irin wannan ba ya tsare iska sarai, yana dai tsawaita mata hanya, kuma muryarsa ta kan bazu ko'ina cikin ɗaki. Akwai kuma mai rufaffen baya, wanda Jim Marshall, wani mai kantin kayan kiɗa a yammacin Landan, ya shahara da shi bayan ya fara ƙera amfilifaya a 1962. Muryar wannan ta fi kauri, kuma gaba ta ke nufa. Ko wane iri ne, sharaɗi ɗaya ne: kada a bar kafa tsakanin bakin lasifika da allo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka iska ta ke. Shi ya sa a ke manna wa bakin lasifika zoben kwali ko na soso mai laushi, domin ya toshe ko wace kafa.

Lissafin om

Kafin a sayi lasifika, akwai lissafi biyu. Na farko shi ne na om. A bayan ko wace lasifika za ku ga an rubuta 4, ko 8, ko 16. Wannan shi ne ma'aunin turjiyar da ta ke yi wa wuta, an kuwa sa masa sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana dokar gudanar wuta a 1827. A bayan amfilifaya ma an rubuta adadin da ta ke bukata. Aikin mai ɗauri shi ne ya sa lissafin biyu su yi daidai.

Ku ɗauki misalin ƙofar gari ranar kasuwa. In ƙofofi biyu suna jere gefe da gefe, jama'a za su rabu biyu, cunkoso ya ragu da rabi. In kuwa sai mutum ya wuce ƙofa ɗaya kana ya tarar da ta biyu a gabansa, jinkiri ya ninku. Haka lasifikoki su ke. Ko wace ɗaya tana da ƙafa biyu, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. In aka haɗa tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa, wannan haɗin gefe da gefe ne, kuma biyu masu om 8 za su ba da om 4. In kuwa waya ta shiga tarawar ta farko, ta fita ta ɗebewarta zuwa tarawar ta biyu, sa'an nan ta koma amfilifaya daga ɗebewar ta biyun, wannan haɗin bi-da-bi ne, kuma za su ba da om 16.

In lasifikoki huɗu ne masu om 16, ana iya haɗa su duka gefe da gefe a sami om 4. Ana kuma iya haɗa bibbiyu bi-da-bi, ko wane rukuni ya zama 32, kana a haɗa rukunan biyu gefe da gefe a komo 16. Kada a gauraya masu om daban-daban cikin akwati ɗaya. Alal misali, in aka haɗa mai 8 da mai 16 gefe da gefe, jimla za ta zama 5 da sulusi, adadin da ba kasafai a ke samun amfilifayarsa ba, kuma mai om 8 ita za ta ɗauki kashi biyu cikin uku na dukan aikin.

Me zai auku in lissafi ya kuskure? Wannan ya dangana ga irin amfilifayar. Mai taransista, in aka ba ta om da ya gaza wanda aka rubuta mata, za ta ja wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, ta ƙone ko ta kashe kanta. Mai bawul kuwa, watau irin mai kwalaben gilashi masu kama da ƙwan lantarki, babban abokin gabanta shi ne a kunna ta, a kaɗa jita, alhali ba lasifika a haɗe. A wannan hali ƙarfin da ta tara ba shi da mafita, sai ya koma cikin taransifomar da ke ba lasifika wuta, ya huda rufin wayoyinta. Taransifomar nan tana cikin sassa mafi tsada a jikin na'urar. Saboda haka waya ɗaya da ta kwance cikin akwati ta isa ta jawo babbar hasara.

Lissafin wat

Lissafi na biyu shi ne na wat, watau yawan ƙarfin da lasifika za ta iya ɗauka ba ta ƙone ba. Abin mamaki shi ne, daga cikin ƙarfin da amfilifaya ke aikowa, abin da ke zama sauti bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran duk zafi ya ke zama a cikin naɗin wayar nan siririya. In zafi ya yi yawa, gam ɗin da ke riƙe da naɗin ya narke, ko wayar ta tsinke.

Wannan ne ya sa Marshall ya sa lasifikoki huɗu cikin akwati ɗaya. Waɗanda ya ke samu a lokacin daga kamfanin Celestion na Ingila, wanda aka kafa a 1924, wat 15 kaɗai ko wace ɗaya ke ɗauka, amfilifayarsa kuwa ta fi ƙarfin guda biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya raba kayan huɗu.

Ga wurin da mutane da yawa ke ruɗewa. In lasifikoki biyu suna da om ɗaya, ƙarfi daidai wa daida su ke raba shi, ko da ɗaya ta fi ɗaya juriya. A ce mutum ya sayi Greenback ta Celestion mai wat 25, da Vintage 30 ta wannan kamfani mai wat 60. Zai zaci akwatinsa ya zama mai wat 85. Ba haka ba ne. Da zarar amfilifaya ta aiko da wat 50, ko wace ɗaya ta sami 25, ƙaramar ta kai iyakarta. Doka ita ce, a ɗauki adadin mafi rauni, a ninka shi da yawan lasifikokin. Mai hankali kuma ya kan bar rara, domin amfilifaya mai bawul in an buɗe ta ƙarshe ta kan ba da fiye da abin da aka rubuta a jikinta.

Aikin ɗauri

To, yanzu an yi lissafi, an sayo kaya, sai aiki. Da farko a kashe amfilifaya, a zare ta daga soket. In irin wadda ke cikin akwati ɗaya da lasifika ce, kada a sa hannu cikin cikinta. Akwai kwandansa a ciki masu ajiye wuta, a cikin mai bawul su kan riƙe bolt 400 ko fiye, kuma suna iya riƙe ta bayan an kashe. Wannan wuta tana kisa. Musanya lasifika ba ya bukatar a buɗe wurin nan ko kaɗan.

Kafin a cire tsohuwar, a zana yadda wayoyi su ke a takarda, ko a ɗauki hotonsu. A kwantar da akwatin yadda lasifika za ta zauna bisa allo da nauyinta, don kada ta faɗo sa'ad da aka kwance kusa ta ƙarshe. Mai inci 12 ta kan kai kilo 3 zuwa 5, kuma kusan duk nauyin a maganaɗisu ya ke.

Sa'an nan a gwada ramin. Ga lasifikokin Celestion masu inci 12, faɗin ramin milimita 283 ne, tazarar da ke tsakanin ramukan kusoshi biyu masu fuskantar juna kuma milimita 297. Na waɗansu kamfanoni ya kan bambanta kaɗan, don haka a auna tukuna. In rami ya yi ƙanƙanta, gefen faifai zai riƙa bugun katako. In za a yi huda, ko yanka, ko goge ƙarfe, a kai lasifikar wani ɗaki. Maganaɗisu ya kan jawo garin ƙarfe, in kuwa garin nan ya shiga ramin naɗin waya, fitar da shi sai an yage faifai.

Ana ɗaura lasifika ta bayan allo ko ta gabansa, gwargwadon yadda aka ƙera akwatin. Ko ta ina ne, a tabbata zoben nan mai laushi yana tsakanin ƙarfe da katako. Kusa mai noti ta fi kusar da a ke murɗawa cikin katako kai tsaye, domin girgiza ta kan sassauta ta biyun, ramin kuma ya kan buɗe in an yi ta cirewa da mayarwa. A riƙe sukudireba da hannu biyu, ɗaya a ƙota, ɗaya kusa da baki yana tsare faifai, gama maganaɗisu yana jan ƙarfe, kuma sau ɗaya bakin sukudireba zai zame ya huda takardar.

Ga muhimmin wuri. A sa dukan kusoshi a kwance tukuna. Kana a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga ɗaya zuwa wadda ke fuskantarta, kamar yadda makanike ke ɗaure tayar mota. A zagaya sau biyu ko uku. Da zarar zoben ya danne, lasifika ta daina motsi, a tsaya. Mai kalangu ya san in ya ja tsirkiya ta gefe ɗaya fiye da sauran, fata za ta karkace, murya ta ɓaci. Kwandon yawancin lasifikokin jita da fallen ƙarfe aka buga shi, yana lanƙwasuwa. Wanda ya ɗaure kusa ɗaya tamau tun sauran na kwance, ko ya yi amfani da injin murɗa kusa, zai iya karkata kwandon, naɗin waya ya fara gogar bango. Alamar wannan ita ce wata ƙara kamar ana jan takarda bisa yashi. In an ji ta da wuri, sau da yawa sassauta kusoshi da sake ɗaure su daidai ya kan gyara.

Wajen waya kuma, a yi amfani da wayar lasifika mai kauri, mai jijiya biyu. Wayar da ke tafiya daga jita zuwa amfilifaya ba ta dace ba, domin jijiyarta siririya ce, don ɗan ƙaramin ƙarfi aka yi ta. In maƙalai ne a ke turawa bisa ƙafafun lasifika, su kama ƙam. In da dalma za a like, a rufe faifai da ƙyalle don kada ɗigo ya faɗa masa. A ɗaure wayoyi yadda ba za su taɓa faifai ko su riƙa bugun katako ba.

Gwaji biyu kafin a kunna

Gwaji na farko da batirin tocila mai bolt 1.5 a ke yinsa. A ɗauki wayar da ke fitowa daga akwati, wadda ba a haɗa da amfilifaya ba, a taɓa jijiyar tarawa da kan batir, ta ɗebewa da gindinsa, na ɗan lokaci kaɗan. Za a ji "ƙwas", a kuma ga faifai ya motsa. Abin dubawa shi ne, dukan faya-fayan su matsa gefe ɗaya, bisa al'ada waje. In ɗaya ya fito ɗaya ya shige, an juya wayar ɗayansu. Irin wannan akwati ba zai ƙone ba, amma iskar da wannan ya tura ita wancan zai haɗiye, kamar mutum biyu da ke tura amalanke, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Kaurin murya ya ɓace, makaɗi ya yi ta ƙara wuta yana neman abin da ba zai samu ba, har ya gajiyar da kayansa. Kada a dogara da alamar da aka buga kaɗai, domin waɗansu lasifikoki na da, kamar tsofaffin JBL, ciki su ke matsawa in an ba jar ƙafarsu tarawa.

Gwaji na biyu da mitar masu gyaran rediyo a ke yinsa. A auna turjiyar dukan akwatin. Kada a firgita in adadin ya gaza kaɗan: mai om 8 ya kan nuna 6 ko 7, mai 16 ya nuna wajen 12 zuwa 14, domin mita da wutar batir mai tafiya gefe ɗaya ta ke awo, adadin da aka rubuta kuwa na wuta mai kai da komowa ne. Amma in mita ta nuna kusan sifiri, wayoyi biyu sun haɗu a wani wuri. In ba ta nuna kome ba, waya ta yanke. Ko wanne ne, kada a kunna sai an gyara.

In gwaji biyun sun yi kyau, a kunna da ƙaramar murya, a kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya, a saurara ko akwai kaɗawar katako ko gogar naɗi. Sabon faifai yana da tauri kamar sabon takalmi. Bayan an yi awoyi ana kiɗa da shi, gefensa ya kan yi laushi, murya ta ƙara daɗi. Saboda haka kada a yanke wa sabuwar lasifika hukunci a ranar farko.

Zafi, da bushewa, da ƙura

Bari mu koma Suwaidi. A watannin Yuli da Agusta zafin rana a Riyad ya kan kai digiri 43 ko fiye, iska kuma ta bushe ƙayau. Katako yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta. Akwatin da aka ƙera a ƙasa mai damshi, ko a bakin teku kamar Jidda ko Ikko, in aka kawo shi Riyad ko Kano da hunturu, katakonsa zai bushe ya ɗan tsuke, zoben bakin lasifika kuma ya ƙara dannewa. Sai kusoshin da aka ɗaure daidai su sassauta. Don haka bayan mako biyu ko uku a sake bin su da sukudireba a hankali, haka kuma duk sa'ad da yanayi ya juya. Katako mai falle-falle da aka manne, mai kaurin milimita 15 zuwa 18, ya fi falanki guda jimre wa wannan juyi, domin an gicciye fallayensa, ko wanne yana riƙe ɗan'uwansa.

Zafi ma yana da nasa. Naɗin waya yana huce zafinsa ne cikin maganaɗisu da iskar da ke kewaye. In iskar da kanta tana da zafi, hucewa ta yi wuya, lasifika ta kai iyakarta da wuri. Kada a bar akwati cikin mota a rufe a rana, inda zafi kan haura digiri 60, kada kuma a girke shi rana na dukansa. Ƙura kuwa, a bar yadin da ke rufe fuskar akwati a wurinsa, a lulluɓe shi bayan an tashi daga wasa. In ɗan murfin da ke tsakiyar faifai ya ɓare, a manne shi nan da nan, domin shi ke hana ƙura shiga ramin naɗi.

Akwai gargaɗi ɗaya ga masu sayen kaya a Saudiyya su kai gida. Wutar can tana juyawa sau 60 cikin daƙiƙa, ta Nijeriya da Nijar sau 50. Wannan bai shafi lasifika ba, amma ya shafi amfilifaya. A duba bayanta a ga an rubuta 50 da 60 duka, da bolt 220 zuwa 240. Wadda aka yi domin Amurka, mai bolt 120, in aka soka ta kai tsaye a soket na Kano ko na Yamai, ta ƙone nan take.

Daga ƙarshe, a tuna da kunne. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, watau ma'aunin ƙarfin ƙara, tana iya cutar da ji in mutum yana shafe awa 8 a cikinta kullum. Lasifikar jita mai inci 12 kuwa, da wat ɗaya tak, tana ba da wajen desibel 97 zuwa 100 ga wanda ke tsaye mita ɗaya a gabanta. Lasifika in ta ƙone akwai wata a kasuwa, jin da ƙara ta ɓata kuwa ba ya komowa. Wanda ke gwajin akwati ya tsaya a gefe, ya kuma kawar da yara daga gabansa.

To, jama'a, ga abin da mu ka koya a taƙaice. A yi lissafin om ya dace da amfilifaya. A yi lissafin wat bisa lasifika mafi rauni. A toshe kafar iska, a ɗaure kusoshi a gicciye ba da ƙarfi ba. A gwada da batir, a gwada da mita, kana a kunna. Mdou Moctar, makaɗin Nijar wanda ya zagaya Turai da Amurka da jitarsa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Wanda ya fahimci yadda abu ke aiki, kaya kaɗan sun ishe shi ya yi aiki mai kyau. A nan za mu dakata, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.